Mai baza littattafai a kasuwar mako: me ya dace a saya wa yaro?

A kasuwannin mako irin ta Wudil ranar Juma'a ko ta Maigatari ranar Alhamis, ba a rasa mai baza littattafai a tabarma ko cikin baro. Kayansa a gauraye suke: Ahalari da Ishmawi a gefe, labaran soyayya sun cika tsakiya, na yara kuwa sai an tona. Araha akwai ta, ana kuma yin ciniki. Aibinsa ɗaya, ba ya tambayar shekarun wanda za a saya wa, duk abin da ka ɗaga zai ce maka mai kyau ne.

Idan kuɗin littafi ɗaya gare ka, ɗauki Magana Jari Ce na Abubakar Imam, littafi na ɗaya, wanda ya fara fitowa a 1937. Aku ne ke ba Musa ɗan Sarki Abdurrahman labari don ya hana shi fita, kuma kowane labari gajere ne, ana gama shi tsakanin magariba da lisha. Ɗan aji huɗu na firamare zai iya da kansa. Wanda bai kai nan ba, yayarsa ta karanta masa, yana bin layi da yatsa. Littafi na uku a dakata tukuna, Hausarsa ta fi nauyi. Ruwan Bagaja ya fi dacewa da 'yan ƙaramar sakandare, don sai mai ɗan wayo ke gane shaƙiyancin da ke cikinsa.

Inda ake cutuwa shi ne bugun jabu. Na asali bugun kamfanin ɗab'i na NNPC Zariya ne, amma masu kwafa har tambarin suke ɗauka, saboda haka bango ba shaida ba ne. Buɗe tsakiya ka bi lambobin shafi goma a jere, don sukan tsallake ko su maimaita. Duba ƙugiyar ɓ, ɗ da ƙ. A na jabu tawada kan dushe har "ƙafa" ta koma "kafa", mai koyo kuwa abin da ya gani shi zai riƙe. Idan gam kaɗai ya riƙe takardun, zafin bazara zai busar da shi su zube. Maganinsa a huda wuri uku da basilla, a ɗinke da zare mai ƙwari, a sa masa rigar leda, a ajiye cikin kwalla mai murfi, nesa da gara da yayyon damina.

Masu tura karatun littafi a memori ma sukan zauna kusa, kuma yana amfani a gidan da ke da rediyo mai sola. Sai dai sukan cika katin da duk abin da ke kwamfutarsu, har da labaran ma'aurata. Faɗi sunan abin da kake so, a goge sauran a gabanka, ka saurari farkon kowanne kafin katin ya shiga hannun yara.