Lakkwal ɗin ungozoma ta kuɗi a Damagaram: aji ya yi, hannu ne da saura

Wannan makaranta, da ba za mu kama sunanta ba, tana ɗaukar masu BAC, karatu shekara 3. Ta fannin aji ba ta da laifi. Malamai suna zuwa kan lokaci, kuma ɗalibar shekara ta biyu za ta zayyana maka GATPA, wato matakan fitar da mabiyiya bayan haihuwa, ba gargada: allurar oxytocine (maganin sa mahaifa ta ƙanƙance) 10 UI a cinya cikin minti ɗaya da fitowar jariri, a jawo mabiyiya a hankali ana tare mahaifa da ɗaya hannun, sannan a duba ko mahaifar ta ƙanƙance.

A ɗakin gwaji ne ɗalibai suke kuka, kuma da gaskiyarsu. Ƙugun roba ɗaya ne, sai a yi masa da'ira, uku su taɓa, saura su kalla. Robar bakin mahaifa ta saki don tsufa, buɗewar santimita 4 da ta 6 duk ɗaya a yatsa. Wadda ta koya a kansa, ran da ta je istaj za ta sa alamar partogramme (takardar bin ci gaban naƙuda) a inda ba nan ba, naƙudar da ta tsaya a ɗauka tana tafiya. Ga zafin Afrilu: kuran ya ɗauke, fanka ta tsaya, darasin la'asar ya zama gyangyaɗi.

Istaj kuwa sa'a ce. Ɗaliba ta dace da sajfam mai haƙuri, za ta riƙe mata hannu ta karɓi haihuwa. Ba ta dace ba, ta kwana gardi tana wanke almakashi da goge tebur, a yi mata tsawa gaban mai naƙuda, daga nan ta daina tambaya. Malamin makaranta bai cika leƙo su ba, littafin istaj kuma ana sa masa hannu a jimlace.

Abu guda da ba a koyarwa sam: darasi da Faransanci ne, mai ciki daga Mirriya kuwa da Hausa za ta ce "jini ya ɓalle mini". Ba a gwada wa ɗalibai yadda za su bayyana mata alamun haɗari da harshenta.

Kafin ku biya kuɗin rajista, ku nemi ganin ɗakin gwajin, ku kuma tambayi 'yar shekara ta uku haihuwa nawa ta karɓa da hannunta. Safar hannu da kuɗin kabu-kabu zuwa gardi daga aljihun ɗaliba suke fita.