Kafin ka goge Windows: wane OS zaka ɗora, kuma a ina makullinka zai kwana?

Tunda Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, mutane da yawa sun tsinci kansu da laftof mai lafiya ƙalau amma Windows 11 taƙi hawa, wai babu TPM 2.0 (wani ɗan ɓangaren tsaro da ke cikin kwamfuta) ko furosesan ya tsufa. To in kana cikinsu kuma kana tunanin komawa wani OS, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, ni shawarata kar ka fara da tambayar wanne yafi kyau a ido. Fara da wannan: wanne zan iya riƙewa kullum ba tare da na gaji na watsar ba, sannan a ina makullin sirrina zai zauna.

Bari in ɗan yi bayanin makullin nan don shi ne ƙashin bayan komai. Makulli biyu ake haɗa maka a tare, na fili da na sirri. Na filin kamar kwaɗo ne a buɗe da kake raba wa jama'a, kowa zai iya datse saƙo dashi ya turo maka, amma ba mai buɗewa sai kai da ke riƙe da na sirrin. Haka kuma da na sirrin kake sa hannu a fayil, kowa ya duba da na fili ya tabbatar daga gareka ya fito ba'a taɓa ko harafi ɗaya ba. Whitfield Diffie da Martin Hellman ne suka fito da dabarar a bainar jama'a a 1976, RSA, wata hanyar haɗa irin waɗannan makullan, ta biyo baya a 1977, kuma yau duk lokacin da Linux ɗinka ke sauke sabuntawa wannan sa hannun yake dubawa kafin ya yarda ya saka.

Yanzu zaɓi. In sabon shiga ne kai, Linux Mint kawai. An gina shi ne akan Ubuntu, fuskarsa ta Cinnamon tana kama da Windows sosai har bazaka ɓata ba, kuma kowace fitowa ana kula da ita shekara 5. Ubuntu LTS, wato fitowarta da ake daɗewa ana kula da ita, ma haka, duk bayan shekara 2 a watan Afrilu take fitowa, kuma in ka samu matsala da wuya ace wani bai riga ya tambaya an bashi amsa ba. Debian ta girme su duka, tun 1993 take, manhajojinta sukan ɗan tsufa amma bata da rawar kai. Fedora kuma sabon abu take so, kusan duk wata 6 sabuwar fitowa, kowacce kuma wajen wata 13 ake kula da ita, ma'ana dole ka riƙa hawa gaba ko kana so ko baka so. Ga mai sabuwar na'ura tana da daɗi, ga wanda yake so ya ɗora ya manta kuwa wahala ce.

Wannan bambancin na tsohon kaya da sabon kaya ba ƙaramin abu bane ta fuskar tsaro. A Maris 2024 wani injiniya Andres Freund ya gano an dasa ɓoyayyar ƙofa a cikin xz, wata ƙaramar manhajar matse fayil, wadda aka yi nufin a bi ta cikinta a shiga kwamfutoci ta SSH, wato hanyar shiga kwamfuta daga nesa. Waɗanda abun ya taɓa sune masu bin rassan gwaji irin su Fedora Rawhide da Debian unstable, masu Debian stable da Ubuntu LTS ko ƙurarsa bata kai gare su ba. Amma fa kar a ɗauka Debian bata taɓa tuntuɓe ba, a 2008 aka gano wani gyara da suka yi wa OpenSSL, manhajar da ake haɗa makullai da ita, tun 2006 ya lalata yadda ake zaɓo lambobi, har ya zama makullan da aka haɗa a wannan tsakanin 'yan dubbai ne kacal, ana iya gwada su ɗaya bayan ɗaya. Dole tasa kowa ya sake sabon makulli.

Sai na masu tsananin taka-tsantsan. Tails a filashi take zama, 8GB ya isa, duk intanet ɗinka ta Tor take bi dashi, wato hanyar da ke ɓoye daga inda kake, kana kashewa ta manta komai sai abunda ka ajiye a ɓangaren da ka kulle da kanka. Tana da matuƙar amfani ga ɗan jarida ko mai aiki akan kwamfutar da ba tasa ba, amma ba OS ɗin yau da gobe bace, zata gundure ka. Qubes OS ita ce tafi burge ni gaskiya, kowane aiki ɗakinsa daban, burauza nan, imel can, makullin GPG (manhajar sa hannu da kulle saƙo) kuma a wani ɗaki da ko intanet babu, in imel na buƙatar sa hannu sai ya aika a tambaye ka tukuna. Matsalarta cin RAM, suna cewa 6GB na RAM ne mafi ƙaranci amma 16GB suke bada shawara, ga shan batir, ga zaɓen na'ura, tsohuwar laftof mai 4GB kam ka manta. OpenBSD kuma su ne suka bamu OpenSSH, manhajar da ake yin SSH da ita, a 1999, aikinsu tsaf-tsaf, sai dai ko Bluetooth babu kuma ba kowane katin Wi-Fi take ganewa ba. A saba (kwamfutar da ke yi wa wasu kwamfutoci hidima) ko rauta (na'urar raba intanet) zan sa ta da zuciya ɗaya, a laftof ɗin aiki sai wanda ya san me yake nema.

Duk wanda ka zaɓa, don Allah ka duba sa hannun fayil ɗin ISO, wato fayil ɗin OS ɗin da ka sauke, kafin ka ɗora a filashi. A Fabrairu 2016 masu kutse sun shiga shafin Linux Mint sun sauya mahaɗin saukewa zuwa ISO mai guba. Duba lambar SHA256 (lambar tantance fayil da suke wallafawa a shafin) kaɗai bai wadatar ba, wanda ya iya sauya fayil a shafi zai iya sauya lambar ma, amma bazai iya ƙirƙiro sa hannun ba tunda bashi da makullin sirrinsu. Umarnin shi ne gpg --verify, ka ga ya rubuto Good signature, sannan ka gwada zanen yatsan makullin, wato lambar da ke tantance shi, da wanda aka wallafa a wani wuri daban. Lokacin ɗorawa kuma ka danna zaɓin kulle faifai gaba ɗaya, LUKS ake ce masa, don yinsa daga baya aiki ne ja.

Makullin kansa fa, RSA ko Ed25519? Na SSH dai Ed25519 zaka ɗauka, gajere ne layi ɗaya, ga sauri, OpenSSH ta karɓe shi tun 2014 kuma yanzu in ka buga ssh-keygen a sabuwar fitowa shi take baka kai tsaye. RSA sai in tsohuwar na'ura ce ta tilasta maka, kuma kar yayi ƙasa da bit 3072. Ka sa masa kalmar sirri mai tsawo, kar ka barshi tsirara a faifai.

In kana da halin siyan abu ɗaya a duk wannan lissafin, makullin ƙarfe ne irin YubiKey ko Nitrokey, wanda ake sokawa a USB, sirrin yana ciki baya fitowa, kuma a iya saita shi yadda sai ka taɓa da yatsa zai yi aiki. Ka lura kafin ka biya, YubiKey 5 na ɗaukar OpenPGP (tsarin makullin GPG) da FIDO2 (tsarin shiga shafuka da makullin ƙarfe) duka, mai rahusar da ake kira Security Key kuwa FIDO kaɗai yake yi, ya isa shiga shafuka da SSH daga OpenSSH 8.2 zuwa sama, amma bazai riƙe maka makullin GPG ba. Ka duba bakin USB ɗin laftof ɗinka A ne ko C, kuma guda biyu zaka siya ka yi musu rijista tare, ɗaya a jikinka ɗaya a ajiye, don in guda ɗaya tak gareka ya faɗi, babu kamfanin da zai iya ciro maka abunda ke cikinsa.