Gargaɗi ga 'yan uwa mazauna Jidda da Makka: masu "buɗe kwamfuta daga nesa" wayarka suke nema

Assalamu alaikum. Da farko na so in bar maganar nan a cikin gida, domin Kawuna mutum ne mai jin nauyi, ba ya son a ji an yi masa wayo da furfurarsa. Shi da kansa ya ce in rubuta, kada dai in kama suna, tunda tallar da ta cuce shi har yau tana yawo a zaurukan WhatsApp na 'yan kargo da masu hidimar alhazai.

Kawu yana da ɗan ofishin kargo a Jidda, ta wajen Bab Makka. Yana tura kaya Kano da Yamai: dabino, abayoyi, dardumai, turare, da tsarabar da alhazai suka kasa ɗauka a jirgi. Lissafinsa kaf yana cikin laftof guda ɗaya: wanda ya biya, wanda ake bi, nauyin kowane kwali, lambar mai karɓa a gida. Babban ɗansa ne ya saita masa ita kafin ya koma Kano, kuma Kawu bai taɓa sanin ainihin kalmar sirrin ba. Lamba huɗu yake dannawa, wato PIN, ta buɗe. Ran nan da safe ya danna kamar kullum, sai ta ce PIN ɗin ba ya samuwa, a shigar da kalmar sirri. Ya gwada sunayen 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, ya gwada shekarar da ya zo ƙasar nan, ya gwada lambar iƙamarsa, wato katin izinin zama. Ya kira yaron, waya a kashe. Ga mata biyu zaune a kan benci suna jiran a faɗa musu ko kayansu sun tashi.

A cikin wannan ruɗu ya tuna da wata talla da ya sha gani. Hoton kwamfuta ne da tambarin Windows, an rubuta da Hausa da Larabci cewa ana buɗe duk kwamfutar da aka manta kalmar sirrinta, daga nesa, cikin minti goma, riyal 50 kacal, ba sai ka fito daga shagonka ba. Ƙarƙashinta akwai wasu da ke ta godiya, wannan ya ce an buɗe masa a Madina, wancan ya ce a Ɗa'ifa. Daga baya da na bi lambobin masu godiyar, babu ko ɗaya da wani ɗan zauren ya sani.

Abin da ya kwantar wa Kawu da hankali shi ne Hausa. Mutumin ya turo saƙon murya da Hausa tsantsa, ya gaishe shi kamar ɗa da uba: "Baba Alhaji, kwantar da hankalinka, wannan ƙaramin abu ne, mu da muke wakilan Microsoft kullum shi muke yi." Ya haɗa da addu'a, ya tambayi iyali. A ƙasar da kake fama da Larabci a kowane ofishi, ka ji harshen gida a bakin mai taimako, sai jiki ya saki.

Daga nan ya ce tunda kwamfutar a kulle take, ta waya za a bi. Ya sa Kawu ya sauke manhajar AnyDesk a wayarsa, ya karanto masa lambar da ta fito, ya danna amincewa, wai domin ya riƙa ganin fuskar kwamfutar ta kyamara. Sai ya turo linki, ya ce a nan za a biya riyal hamsin ɗin kafin injiniya ya fara aiki. Shafin ya yi kama da na biyan kuɗi sak, har da tambarin mada, wato tsarin katin bankunan Saudiyya. Kawu ya zaro katinsa ya cike lambobin gaba da na baya. Saƙon banki ya shigo da lambar tabbatarwa. Kawu ya rantse mini bai karanta wa kowa lambar nan ba, kuma na yarda da shi, don babu buƙatar ya karanta. Mutumin yana kallon fuskar wayar daga inda yake, ya ga lambar da idonsa tun kafin Kawu ya nemo tabarau. A cikin saƙon an rubuta adadin kuɗin da za a cira, kuma ba hamsin ba ne. Sau biyu aka cira, jimilla riyal dubu uku da 'yan kai, yawanci kuɗin mutane ne na kayan da ba a riga an tura ba.

Ni na shigo ne a daidai lokacin da mutumin yake cewa saura mataki ɗaya, a buɗe manhajar gwamnati ta Nafath a zaɓi wata lamba mai alƙaluma biyu da zai faɗa, wai Microsoft na son ta tabbatar Kawu ne mai kwamfutar. Na karɓi wayar na kashe intanet ɗinta. Kawu har ya ɗan yi mini faɗa, ya ce yaro yana ƙoƙarin taimako na katse shi. Na ce, "Kawu, duba saƙonnin bankinka tukuna." Ya duba. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce a ba matan nan haƙuri su dawo gobe.

Ga abin da nake so kowa ya riƙe, don a kansa damfarar take tsaye. Kwamfutar da ta tsaya a shafin shiga, ba ka iya wucewa, wani baƙo ba zai iya shigarta daga nesa ya buɗe maka ba, sai fa in tun da can an girka mata manhajar shiga daga nesa an kuma ba shi izini. Kai da kake gabanta ba ka iya sauke komai a kanta, to shi ta ina zai bi? Shi ya sa duk zancensu yake karkatowa kan wayarka. A wayar ne bankinka yake, da Absher, manhajar hidimomin gwamnati, da Nafath, da imel, da layin da lambobin tabbatarwa ke shigowa. Kwamfutar hujja ce kawai ta samun ka a lokacin da kake cikin gaggawa. AnyDesk da TeamViewer ba manhajojin ɓarayi ba ne, ma'aikatan gyara na gaskiya suna aiki da su, amma duk wanda ka ba lambarsu ka danna masa amincewa, kamar ka miƙa masa wayar ne a hannu ka juya baya.

Maganar Nafath ta fi ta kuɗin tayar mini da hankali. Nafath ita ce hanyar tabbatar da ko kai wane ne a hukumomi da bankuna da kamfanonin waya na ƙasar nan. Lambar nan mai alƙaluma biyu ba ta fitowa sai wani ya fara neman shiga wani wuri da lambar iƙamarka. In ba kai ka fara ba, wani ne yake tsaye a ƙofa da sunanka yana jiran ka buɗe masa. Kuɗi a hankali za a mayar, amma a buɗe layi ko asusu da sunanka a damfari wasu da shi, ranar da aka zo bincike kai za a nema. Microsoft ba ta da wata hulɗa da Nafath wajen kalmar sirrin Windows, kuma ba ta da wakilai masu bin mutane a WhatsApp.

Yadda aka buɗe kwamfutar a ƙarshe abin dariya ne da takaici. Da la'asar yaron ya kunna waya, ashe caji ne ya ƙare masa. Shi ma ya manta kalmar sirrin, amma ya tuna cewa da imel ɗinsa ya buɗe asusun kwamfutar. Ya shiga shafin Microsoft na sauya kalmar sirri daga can Kano, aka turo masa lamba a layinsa na Najeriya, ya sa sabuwa ya faɗa mana. Mu kuma muka haɗa laftof ɗin da wayifai daga shafin shiga, ta alamar da ke kusurwar ƙasa, domin sai ta hau intanet za ta san an sauya. Muka rubuta, ta buɗe. Ko halala ɗaya ba a biya ba.

Asusun Windows iri biyu ne, kuma sanin wanne ne naka shi ne rabin maganin. Akwai wanda aka ɗaure da imel na Microsoft, irin na Kawu. Wannan daga kowace waya ake sauya kalmar sirrinsa, muddin imel ko layin da aka yi rajista da shi yana hannunka. A nan ne mu mazauna waje muke yawan faɗawa rami: an yi rajista da layin gida da ya mutu shekara da shekaru, ko da layin Saudiyya da aka yanke lokacin da iƙama ta ƙare. Akwai kuma asusun cikin na'ura wanda bai haɗu da imel ba. Tun daga sigar Windows 10 ta 1803 da ta fito a 2018, mai irin wannan asusun yana iya ajiye tambayoyin sirri guda uku, in ya manta sai ya amsa su a shafin shiga ya sa sabuwar kalma. Ana kuma iya tanadar filasha ta musamman don wannan rana, amma tun kafin a manta ake yinta. In akwai wani asusun admin, wato mai cikakken iko, na biyu a kan kwamfutar, mai shi zai iya sauya wa asusun cikin na'ura kalmar sirri. Idan kuwa kwamfutar ta wurin aiki ce, sashen kwamfuta na wurin ne kaɗai ya kamata ya taɓa ta.

Sai BitLocker, wanda da yawa ba su san yana kan na'urarsu ba. Shi ke kulle rumbun ajiyar gaba ɗaya, ta yadda ko an zare shi an kai wata kwamfutar ba a karanta komai. Mabuɗinsa lamba ce mai alƙaluma 48, rukuni takwas, kowanne shida. A sababbin kwamfutoci sau da yawa yana kunna kansa da zarar an shiga da asusun Microsoft, musamman daga sigar Windows 11 ta 24H2, kuma mabuɗin yana ajiye a cikin asusun. In mabuɗin nan ya ɓata, Microsoft kanta ba ta iya ƙirƙiro maka wani. To wanda ya ce zai fasa maka shi da riyal hamsin, ko ɗari biyar, ƙarya yake yi. Iyakar abin da zai iya shi ne ya goge komai ya sa sabon Windows, ya miƙo maka kwamfuta a buɗe amma fayau, lissafin shekaru ya tafi.

In dole sai an kai gyara, a je shago mai rajistar kasuwanci a rataye, wanda zai ba ka fatura, wato rasit. A Jidda shagunan kwamfuta suna jere a titin Khalid bin Walid. Ka tsaya a yi a gabanka, ka faɗa tun farko cewa ba ka yarda a yi fomatin, wato goge komai, ba sai an tambaye ka. Mai gyaran da ya nemi shaidar cewa na'urar taka ce bai raina ka ba, ni ma shi na fi amincewa da shi a kan wanda ke buɗe duk abin da aka kawo ba tambaya.

Abin da muka yi a ranar: muka kira banki da lambar da ke bayan katin aka dakatar da shi, muka shigar da ƙorafin cirar kuɗin, muka goge AnyDesk, muka sauya kalmomin sirrin banki da Absher da imel daga wata wayar daban. Muka kai rahoto ta manhajar jami'an tsaro ta Kulluna Amn da hotunan hirar da lambar mutumin da linkin. Saƙonnin damfara na tes kuma ana tura su zuwa 330330. Dokar yaƙi da laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara uku da tarar da ta kai riyal miliyan biyu ga mai cin kuɗin mutane ta wannan hanya, ta damfarar kuɗi ta 2021 kuma ta kai shekara bakwai da miliyan biyar. Har yanzu muna jiran banki. Ban sa rai sosai ba, tunda an yi amfani da lambar tabbatarwa ta gaskiya.

Akwai dalilin da ya sa da Hausa suke tallarsu, kuma mu daina yi kamar ba mu sani ba. Sun san a cikinmu akwai wanda takardunsa ba su cika ba, akwai mai ajiya a asusun ɗan uwa ko na kafili, akwai wanda in an ce shurɗa, wato 'yan sanda, gabansa ke faɗuwa ko da shi aka zalunta. Irin waɗannan in an cuce su shiru suke yi. Da na ba da labarin nan a majalisarmu ta Shari'u Mansur a Makka bayan isha'i, mutum biyu suka ja ni gefe daban-daban, kowanne ya ce an yi masa makamancin haka bai faɗa wa kowa ba. Ɗaya ma ba kwamfuta ba ce, asusun Facebook aka ce za a dawo masa da shi.

Masu kula da zauruka, don Allah ku riƙa cire irin wannan talla, ku kuma tambayi wanda ya saka ta ko ya san mai ita ido da ido. Lambar da ta yi magana da Kawu ta Saudiyya ce, tana farawa da +966, amma in ka kira ta kiran waya ba ta shiga, a WhatsApp kaɗai take raye. Washegari aka toshe mu, hoton ma ya ɓace. Shekaranjiya wata ƙanwata da ke Madina ta turo mini tallar daga wani zauren mata masu sayar da abaya: hoto iri ɗaya, masu godiya iri ɗaya, sai dai lamba sabuwa ce, kuma an rage kuɗin zuwa riyal 30.