Awon ciki da haihuwata a wata kilinik ta Yamai lokacin korona

Cikina ya shiga wata takwas aka sanar da mutum na farko mai korona a Nijar, ran 19 ga Maris 2020. Da farko a likitar gwamnati ta unguwarmu nake awo, inda awon ciki yake kyauta tun 2006. Layin can ne ya kore ni, mata a kan benci kafaɗa da kafaɗa tun da asuba. Maigida ya ce mu koma wata ƙaramar kilinik ta kuɗi, ko da za mu ji a aljihu.

Tsarin awonsu ya burge ni. Kowace mace da lokacinta, ba a tara mu. Bokiti mai famfo da sabulu a bakin ƙofa, a auna zafin jikinki a goshi, sannan ki shiga. Sajfam, wato ungozoma, ba ta yi mini awon a-tashi-a-tafi don tsoron cuta ba. Ta auna hawan jini, ta latsa ƙafata ta ga ko da kumburi, ta duba karnena, wato littafin awo, ta tabbatar na sha Fansidar na zazzaɓin cizon sauro, an kuma yi mini allurar tetanus. Ƙwayoyin ƙarin jini ta rubuta mini masu yawa don kada in riƙa zirga-zirga. Ta kuma faɗa mini tun da wuri cewa in abu ya kai ga tiyata, Matarnite Issaka Gazobi, babbar likitar haihuwa ta Yamai, za su tura ni.

Abin da ya fi komai amfani lambar wayar sajfam ce. A ƙarshen Maris aka rufe Yamai, aka sa dokar hana fita daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 6 na safe, ita kuwa naƙuda ba ta san doka ba. Tawa ta taso da tsakar dare. Na kira, ta ɗauka, ta tambayi tazarar ciwon da ko faya ta fashe, ta ce mu taho da karne a hannu. A shinge jami'an tsaro suka haska shi da tocila, ɗaya ya ce, "Hajiya, Allah ya raba lafiya," suka buɗe mana hanya.

Inda suka ɓata mini rai shi ne hana Innata shiga. A tsakar gida ta kwana a kan tabarma da fulas ɗin kunu, ni ina ciki ba mai riƙe mini hannu. Hukumar Lafiya ta Duniya kanta ta ce ko a lokacin korona mace na da haƙƙin samun wanda ta zaɓa a gefenta. Takunkumi ɗaya da wanke hannu sun isa a bar tsohuwa ta shigo. Sai kuma takardar kuɗi: safar hannu, takunkumi, ruwan goge hannu, duk an lissafa mana ba tare da an faɗa tun farko ba.

Da yarinya ta faɗo, sajfam ta ɗora mini ita a ƙirji, ta ce in ba ta dakashi nan take, ko da tari ya kama ni in sa takunkumi in ci gaba da shayarwa.

In Allah ya sake ba ni ciki zan koma wurinsu, amma kafin in biya ko dala sai an rubuta mini kuɗin komai, an kuma yarda Inna za ta shiga ɗakin haihuwa.