Man shafawa na Voltaren ga masu sandarewar gaɓoɓi bayan cikungunya: inda yake aiki da inda ba ya kaiwa

Zazzaɓin cikungunya ba ya daɗewa, kwana bakwai zuwa goma ya sauka. Ciwon gaɓoɓin da yake bari ne ke wahalar da mutane, wani watanni, wani har shekara ta zagayo yana fama. Sauron Aedes mai cizo da rana ne ke yaɗa cutar, kuma ba ta yi mana nisa ba: ta ɓarke a Kassala ta Sudan a 2018, da Abeche ta Chadi a 2020. Mutum zai tashi da asuba yatsu sun ƙage, tsintsiyar hannu ba ta juyuwa, idon sawu kuwa sai an lallaɓa. Daga nan sai kemis, kuma abin da aka fi miƙo masa shi ne Voltaren Emulgel ko wani mai irinsa.

Sinadarin da ke ciki daikulofenak ne, mai rage kumburi da raɗaɗi. Iri biyu ne: mai ƙarfin 1.16% da ake shafawa sau uku zuwa huɗu a rana, da mai 2.32% na safe da dare kawai. Babbar fa'idarsa a kan ƙwaya ita ce abin da ke shiga jini kaɗan ne, kusan kashi 6 cikin ɗari na abin da ƙwayar za ta kai. Ga dattijo mai gyambon ciki ko hawan jini, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Yana aiki sosai a gaɓoɓin da ke kusa da fata: yatsu, tsintsiyar hannu, gwiwa, idon sawu. Sa'a ce kuma, domin nan cikungunya ta fi kamawa. Gaɓoɓin ƙugu da na gadon baya kuwa suna da zurfi, ba ya kai musu sosai.

Inda aka fi kuskure shi ne awo. Ana ɗan lakuto shi a goga, bayan kwana biyu a ce ba shi da ƙarfi. Hannu ɗaya yana buƙatar giram 2, gwiwa ko idon sawu har giram 4. In aka matso shi daga bakin ɗan yatsa manuni zuwa layin gaɓar farko, wannan kusan rabin giram ne, ke nan sau huɗu ga hannu. A shafa a busasshiyar fata, a murza a hankali har ya shige, kuma a ba shi kamar mako guda kafin a yanke masa hukunci. Ruwa na wanke shi, don haka a bar wurin aƙalla awa ɗaya. Mai alwala sau biyar ya tsara abinsa: bayan sallar Asuba, bayan Azahar, bayan Isha'i. Wanda ya shafa gab da alwala ya zubar da kuɗinsa a magudana.

Tsadarsa ma daga awon take. Gwiwa biyu, giram 4 kowace, sau uku a rana, giram 24 ke nan, kwalin giram 50 kwana biyu zai yi. Wanda ciwon ya kama masa gaɓoɓi da yawa ba zai iya jurewa ba, kuma bai kamata ya shafe jiki duka da shi ba. Na wasu kamfanoni masu sinadari da ƙarfi iri ɗaya sun fi araha, a dai duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Kada a haɗa shi da man zafi, kada a ɗaure wurin da leda, kada a gasa da ruwan zafi bayan an shafa, fata na iya yin ja da ƙaiƙayi. Gashi kafin shafawa ake yi: a tsoma hannu a ruwan ɗumi minti goma, a dunƙule a buɗe, a tsane, sannan mai. Mai ciki a watanni uku na ƙarshe, mai asma da asfirin ke tayar masa, da mai rauni a fata su nisance shi. Haka wanda har yanzu zazzaɓi bai sake shi ba, ya tsaya a farasitamol har a tabbatar ba zazzaɓin denge ba ne, domin magunguna irin daikulofenak na ƙara haɗarin zubar jini.

A ganinmu mai ne mai kyau ga raɗaɗi, amma ga sandarewar kanta taimakonsa ɗan kaɗan ne, motsa gaɓa kullum ya fi shi tasiri. Kada a wuce mako biyu zuwa uku ana shafawa ba tare da ganin likita ba. Idan an haura wata uku, gaɓoɓi na kumbura a hannu biyu lokaci guda, sandarewar safe tana wuce rabin awa, to cutar ta koma irin amosanin gaɓoɓi mai kumburi. Wannan sai gwajin jini da magunguna irin su metotireksat, waɗanda likita kaɗai ke rubutawa yana bibiyar hanta da jini.