Gargaɗi ga masu haɗa tsaunukan ƙaramin layin dogo

'Yan uwa masu sha'awar ƙaramin layin dogo, irin na kwaikwayo da ake haɗawa a kan tebur, ku ba ni aron kunnuwanku kafin wani ya sake faɗawa ramin da na faɗa.

Akwai wani mai talla da ke yawo a intanet da abin da yake kira "cikakken kayan haɗa tsauni": mazubai na roba na fitar da siffar duwatsu, garin da ya rantse Hydrocal ne (wata irin filasta mai tauri), bakin kogo biyu na ma'aunin HO (girman jirgina ke nan), da fenti kala uku. Hotunansa kuwa sai ka ce wani yanki aka yanko daga tsaunukan Alps aka ɗora a kan tebur. Su suka ja ni. Da muka zo biya, ya ce in tura ta PayPal, manhajar biyan kuɗi ta intanet, amma ta zaɓinta mai suna 'yan uwa da abokai, wai don a kauce wa caji. Wannan hanyar ba ta da kariyar mai saye. Da ta hanyar sayen kaya na biya, da ina da damar shigar da ƙorafi. Na san haka sarai, araha ce ta rufe mini ido.

Kaya sun iso, kuma a nan dabararsa take: yana aikowa, don kada a ce bai aiko ba. Mazuban sun tsufa, robar ta yi danƙo a wasu wuraren, a wasu ta bushe tana tsagewa. Roba irin wannan haka take yi in ta daɗe ko ta sha rana. Biyu suka yage a zubin farko.

Garin ne ya fi ci mini rai. Duk wanda ya taɓa kwaɓa filasta ya san halinta: ka fesa wa mazubi ruwa mai ɗigon sabulun wanke-wanke don kada iska ta maƙale, ka zuba, cikin kamar rabin awa ta kama, kuma tana kamawa za ka ji ta ɗauki ɗumi a hannu. Hydrocal ma daga dangin filasta yake, sai dai ya fi ta tauri, shi ya sa ake son sa a gefen dutse mai kaifi. Wannan garin bai yi ɗumi ba ko kaɗan. Na ce ƙila ruwa na cika, na sake kwaɓawa da kauri. Washegari na taɓa da yatsa, sai ya marmashe. Da na ɗiga wa busasshen garin ruwan khal sai ya hau kumfa, alamar alli ne ya yi yawa a ciki, domin filasta tsantsa ba ta irin wannan kumfar. Abin haushi, kafin in yi wannan gwajin na riga na manna wasu zubin a jikin tsaunin da na sassaƙa da soso mai tauri, aikin sati uku. Dutsen filasta na ƙwarai tsinkakken fenti yake so, ya sha rawaya da ruwan ƙasa da ɗan baƙi, kalar ta kwanta a cikin tsagogi. Nawa ina shafa ruwan fentin yana narkewa, farin ruwa na gangarowa har kan layin.

Bakin kogon kuma na ma'aunin N ne. HO ɗaya bisa 87 ne na girman jirgin gaske, faɗin layinsa milimita 16.5, N kuwa ɗaya bisa 160, layinsa milimita 9. Kan jirgina ko hancinsa bai shiga ba. A hoto ba za ka gane ba, tunda babu komai a gefe da za ka kwatanta.

Daga baya na saka hotunan tallar a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya fito a intanet. Uku daga ciki na wasu mutane ne daban-daban, sun wallafa aikinsu shekaru da suka wuce, an yanke gefen da sunansu yake. Minti biyu binciken ya ɗauke ni, bayan kuɗi sun tafi.

Don haka kafin ku tura komai, ku ce ya ɗauki hoton ainihin kayan da rula a gefe, da takarda mai kwanan watan ranar. Ku ce ya lanƙwasa mazubin a bidiyo ku ga ko yana tsagewa. Gari in ba a cikin kwalinsa ko buhunsa na asali yake ba, ku bar masa abinsa. In kuma ya riga ya shigo hannunku, ku kwaɓa cokali biyu a kofi ku jira ɗumin nan kafin ya taɓa aikinku.

Na yi masa magana, ya ce ban iya kwaɓi ba ne, sannan ya toshe ni. Kwana goma bayan nan na ga tallar ta dawo da sabon suna, hotunan dai su ne. Za ku gane ta da hoton farko: jan jirgi yana fitowa daga kogo ta hagu, da gadar ƙarfe a samansa.