Harsashi mai fashewa ko mai huda sulke: Jamus da Ingila a sararin sama

Ɗan'uwa, ka tambaya wanne ya fi kayar da jirgi a Yaƙin Duniya na Biyu, harsashin igwa mai fashewa ko mai huda sulke. Sai an duba irin jirgin da ake harbi tukuna, domin Jamus da Ingila ba abokin gaba iri ɗaya suka fuskanta ba.

Jamusawa sun dogara ga harsashin da suka kira Minengeschoss, wanda ya shiga aiki a 1940. Jikinsa ƙarfe ne siriri kamar gwangwani, don cikinsa ya ɗauki nakiya da yawa. Mai kaurin milimita 20 da igwar jirgi MG 151/20 ke harbawa nauyinsa giram 92 ne, kusan giram 18 a ciki nakiya ce. Ba a yi shi don ya ratsa farantin sulke ba. Yana shiga fatar jirgi ya tarwatse daga ciki, iskar fashewar ta yage fiffike ko wutsiya. Da manyan jiragen Amurka masu sakin bama-bamai irin B-17 suka fara shiga Jamus da rana tsaka a 1943, sai aka ga milimita 20 ya yi kaɗan: lissafin Jamusawa ya nuna sai wajen harsashi 20 sun samu jirgin kafin ya faɗo. Shi ya sa suka koma ga igwar MK 108 mai milimita 30. Harsashinta giram 330, nakiyarsa wajen giram 85, huɗu ko biyar sun isa su gama da B-17. Jirgin yaƙin Jamus Me 262 irin wannan igwa guda huɗu yake ɗauka a hancinsa.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Harsashin MK 108 mita 540 kacal yake yi a daƙiƙa ɗaya, yana saurin sunkuyawa ƙasa. Dole matuƙi ya matso kurkusa, cikin ruwan wutar masu gadin jirgin, kuma matuƙa da yawa a nan suka rasa rayukansu.

Igwar Hispano ta Ingila, wadda aka ɗora wa jiragen yaƙi Spitfire da Typhoon da Tempest, wata hanya ta bi. Harsashinta na milimita 20 wajen giram 130 ne, gudunsa kusan mita 880 a daƙiƙa. Nakiyarsa ba ta kai ta Jamus ba, amma yana tafiya miƙe, ya isa da wuri. Turawan Ingila kan gauraya jigidar harsashin: mai fashewa da cinna wuta, sai mai huda sulke da cinna wuta. Na biyun nan shi ke ratsa farantin da ke bayan matuƙi, ya fasa inji, ya kunna tankin mai.

Ni dai a ganina, in ƙaramin jirgin yaƙi mai zulliya ake fafara, Hispano ta fi, domin harsashin da bai samu jirgi ba nakiyarsa ba ta da amfani komai yawanta. In kuwa katafaren jirgi ne mai inji huɗu da ke tafiya a jere ba ya kaucewa, babu kamar milimita 30 na Jamus. Su kansu Jamusawan ba su cika jigidar MG 151/20 da mai fashewa zalla ba, sukan saka mai huda sulke da mai cinna wuta a tsakani.